Bondin a saba: waya biyu ba ta nufin gudu biyu

Tambayar da ta fi yawa idan aka zo maganar haɗa katin netwok biyu a saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) ita ce, "na haɗa kafa biyu masu gigabit ɗaya-ɗaya, me ya sa har yanzu kwafin fayil ɗina bai wuce megabait 110 da ɗoriya a sakan ba?" Amsar kuwa ita ce babu abin da ya lalace, haka abin yake aiki, kawai dai tun farko an sa masa ran abin da bai yi alkawari ba. Ni a ganina babban amfanin bondin, wato wannan haɗin, shi ne idan waya ta tsinke ko kafar suwic (akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa) ta mutu ko wani ya zo gyara ya zare abin da bai kamata ba, saba ta cigaba da aiki ba wanda ya ji ko ya gani. Ƙarin gudu yana zuwa, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan su ne mutane ba sa son karantawa.

Abin da ake yi a taƙaice shi ne, kana da kafofi biyu ko fiye, wato ramukan da ake soka wayar netwok, misali eno1 da enp3s0f0, sai ka ce wa kanel ɗin Linux ya ƙirƙiro wata kafa ta bogi mai suna bond0, ya sa waɗancan biyun a ƙarƙashinta. Adireshin IP a kan bond0 yake zama, su kafofin na ainihi ba a ba su komai, aikinsu ɗaukar kaya kawai. Manhajojin da ke kan sabar ba su ma san akwai waya biyu ba, su dai bond0 suke gani. Direban da ke wannan aiki tsoho ne sosai, asalinsa daga gyare-gyaren da Donald Becker ya yi wa kanel 2.0 ne don kwamfutocin Beowulf, don haka ba wani sabon abu bane da za a ce ana gwaji da shi. A Windows Server ma akwai irinsa tun fitowar 2012, a FreeBSD kuma lagg ne ke yi, amma ni a Linux zan tsaya don nan na fi sabawa.

Salon aiki guda 7 ne direban yake da su, daga 0 zuwa 6, amma gaskiya biyu ne kawai za ka riƙa haɗuwa da su kullum, wato salo na 1 da salo na 4. Na 1 shi ne active-backup, kafa ɗaya ce ke aiki ɗayar tana zaune tana jira, idan mai aikin ta faɗi sai mai jiran ta karɓa, nan take direban ya watsa saƙon ARP, wato saƙon da ke faɗin wane kati ne ke riƙe da wane IP, wanda ba wanda ya tambaye shi, don suwic ya gane cewa adireshin MAC ɗin nan, wato lambar shaidar katin netwok, ya koma wata kafa. Abin da ya sa nake son shi shi ne ba ya buƙatar komai daga suwic, ko wane iri ne, ko mai arha marar saiti, kuma kana iya kai waya ɗaya suwic na farko ɗaya kuma suwic na biyu ba tare da wata dabara ba. Na 4 kuma shi ne 802.3ad, wanda kowa ke ce wa LACP, ƙa'ida ce ta IEEE da ta fito a 2000, daga baya a 2008 aka mayar da ita ƙarƙashin 802.1AX amma sunan farko ya riga ya bi baki. A nan duka wayoyin suna aiki lokaci ɗaya, saba da suwic suna ta aika wa juna ƙananan saƙonni na "ina nan, kana nan?", kuma dole ne a saita ɓangaren suwic shi ma, in ba haka ba kai kaɗai kake magana.

Sauran salon, to, suna nan. Na 0 wato balance-rr yana jefa fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, ɗaya nan ɗaya can bi da bi, shi kaɗai ne zai iya sa haɗi guda ɗaya ya wuce gudun waya ɗaya, sai dai fakitocin suna isa a hargitse, na baya ya riga na gaba, TCP kuma idan ya ga haka sai ya ɗauka ɓacewa suka yi ya fara sake aikawa yana rage gudu, ka ga an gudu ba a tsira ba. Abin haushin shi ne wannan salon shi ne wanda direban ke ɗauka da kansa idan ba ka faɗa masa komai ba, don haka kada ka taɓa barin wurin mode babu komai. Na 2 kamar LACP ne amma babu gaisuwa tsakanin saba da suwic, na 3 yana aika komai ta kowace kafa, ba kasafai ake buƙatarsa ba. Na 5 da na 6, balance-tlb da balance-alb, suna raba kaya ba tare da taimakon suwic ba, na 6 ɗin ma wasa yake yi da amsoshin ARP yana ba kowane abokin hulɗa MAC daban, dabara ce mai kyau a takarda amma idan akwai injinan bogi (virtual machines) a kan gada (bridge) a saman bond ɗin yakan jawo ciwon kai mai wuyar ganewa, ni dai ina kauce masa.

Yanzu bari mu koma kan batun gudu, don nan ne rigimar take. A LACP, direban ba ya raba fakiti bi da bi, lissafi yake yi a kan adireshin fakitin, sakamakon lissafin shi ke nuna wace waya zai bi, kuma duk fakitin da ke cikin hira ɗaya sakamakonsu ɗaya ne don haka wayarsu ɗaya ce. Da gangan aka yi haka don kada su isa a hargitse. Kamar wurin biyan kuɗi ne mai kashiya biyu, layi zai yi saurin tafiya idan mutane suna da yawa, amma kai mutum ɗaya da kayanka gaban kashiya ɗaya za ka tsaya. To idan kwafin babban fayil ɗaya kake yi daga saba zuwa saba, gudun waya ɗaya za ka samu, ko da wayoyi 4 ka haɗa. Idan kuwa kwamfutoci 50 ne ke jan kaya daga sabar lokaci ɗaya, a nan ne za ka ga duka wayoyin sun cika.

Kuma irin lissafin da kansa yana da muhimmanci, shi ne xmit_hash_policy. Wanda yake zuwa da shi, layer2, adireshin MAC kawai yake kallo, na mai aikawa da na mai karɓa. Matsalar ita ce idan masu amfani da sabar duk daga wajen rawuta suke zuwa, to a idon saba MAC ɗaya take gani, na rawutan, ko da mutum dubu ne a bayansa, sai ka ga waya ɗaya tana nishi ɗayar tana barci ka rasa dalili. Idan ka sa layer2+3 sai ya haɗa da adireshin IP, matsalar rawuta ta kau. layer3+4 kuma yana haɗawa har da lambar fot ta TCP ko UDP, don haka ko tsakanin injina biyu kacal ne, in dai haɗin da yawa ne za su iya rabuwa kan wayoyi daban. Takardun kanel sun faɗa ƙarara cewa wannan na ƙarshen bai cika ƙa'idar 802.3ad ɗari bisa ɗari ba, saboda fakitin da aka gutsuttsura zai iya bin wata waya daban ya isa a karkace, amma a aikace mutane da yawa shi suke sakawa kuma lafiya lau. Wani abin da ake mantawa, wannan saitin naka abin da ke FITA daga saba kawai yake iko da shi. Abin da ke shigowa suwic ne ke yanke hukuncin wayar da zai bi da nasa lissafin, in shi yana kan MAC kawai to sai ka je can ma ka gyara.

Saitin kansa ba shi da wahala, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. A Ubuntu tun 17.10 netplan ake amfani da shi a saba, fayil ɗin yana cikin /etc/netplan, ga yadda yake kama:

```
network:
  version: 2
  ethernets:
    eno1: {}
    enp3s0f0: {}
  bonds:
    bond0:
      interfaces: [eno1, enp3s0f0]
      addresses: [192.0.2.10/24]
      routes:
        - to: default
          via: 192.0.2.1
      parameters:
        mode: active-backup
        primary: eno1
        mii-monitor-interval: 100
```

In LACP kake so sai ka canza mode zuwa 802.3ad, ka cire layin primary, ka ƙara lacp-rate: fast da transmit-hash-policy: layer3+4. A kula da tazarar farkon layi, YAML, tsarin rubutun fayil ɗin, ba ya yafiya, kuma ba ya karɓar tab. A dangin Red Hat, irin su Rocky da Alma, nmcli ne:

```
nmcli con add type bond con-name bond0 ifname bond0 bond.options "mode=active-backup,miimon=100"
nmcli con add type ethernet ifname eno1 master bond0
nmcli con add type ethernet ifname enp3s0f0 master bond0
```

sannan ka sa wa bond0 adireshi, ka tabbata tsofaffin saitunan da ke kan kafofin biyu ba za su sake tashi da kansu bayan ributin ba, don wannan yana cikin abubuwan da ke sa komai ya yi kyau yau, gobe a kashe a kunna a tarar eno1 ta koma ta karɓi nata IP ita kaɗai. A Debian kuma ka saka ifenslave ka rubuta a /etc/network/interfaces. In ka ci karo da tsohon rubutu yana cewa ka yi amfani da teamd, wata hanyar haɗa kafofi daban, ka wuce kawai, Red Hat ce ta kawo shi a RHEL 7 kuma ita ce ta ce a daina dogara da shi a RHEL 9, bondin ɗin da aka so ya gada shi ne ya rage.

Ka lura da sunayen kafofin da na zaɓa a misalin, ba haka kawai na yi ba. eno1 tana kan madabod, enp3s0f0 kuma tana kan wani kati daban a ramin PCIe. Da yawa sukan ɗauki kati ɗaya mai kafa biyu su haɗa f0 da f1 su ce sun gama, to ranar da katin ya ƙone ko direbansa ya rikice duka biyun tare za su tafi. Haka ma idan duka wayoyin suna shiga suwic ɗaya, ka tsira daga mutuwar waya amma ba ka tsira daga mutuwar suwic ba, kuma suwic ai ana kashe shi don sabunta manhaja ko ba komai. A nan ne LACP yake da tsada, don ba za ka iya raba shi kan suwic biyu masu zaman kansu ba, sai dai idan su biyun sun iya yin kamar su ɗaya ne, abin da Cisco ke kira vPC a Nexus, Arista ke kira MLAG, ko kuma a ɗaure su a matsayin tari ɗaya. In ba ka da wannan, kuma kana da suwic biyu, active-backup ne amsarka, kada ka ji kamar ka yi abin ƙasƙanci. Gara rabin ƙarfi ya zauna yana jira da a ce komai ya dogara kan akwati ɗaya.

Abu na gaba, kuma wallahi shi ne ya fi komai muhimmanci, yadda bond zai gane cewa waya ta mutu. miimon=100, wanda a netplan shi ne mii-monitor-interval, na nufin duk milisakan 100 direban zai tambayi katin, "akwai haɗi?" Wannan yana kama waya da aka zare ko kafar da aka kashe cikin ƙiftawar ido. Amma fitila kawai yake kallo. Ka ɗauka suwic ɗin da kake ciki yana nan da ransa, fitilar kafa kore shar, amma wayarsa da ke hawa sama zuwa sauran netwok ita ce ta tsinke, ko wani ya canza VLAN ɗin kafar, wato sashen netwok da aka sa ta, bisa kuskure, to miimon zai ce maka komai lafiya alhali ba abin da ke wucewa, kuma ba zai taɓa komawa kan waya ta biyu ba. Maganin wannan a active-backup shi ne sa ido ta ARP, ka ba shi arp_interval da arp_ip_target, yana karɓar adireshi har 16, sai ya riƙa tambayar waɗannan adireshin da gaske, in shiru ya yi yawa ya sauya kafa. Ba a haɗa shi da miimon, ɗaya za ka zaɓa, kuma ba ya aiki a salo na 4, 5 da 6. Ka ba shi fiye da adireshi ɗaya fa, don in rawuta kaɗai ka sa masa, ranar da aka yi ributin ɗin rawutan bond ɗinka zai yi ta tsalle daga kafa zuwa kafa yana neman abin da babu.

A LACP gaisuwar da kanta tana taimakawa, idan ɗaya ɓangaren ya daina amsawa ana cire wayar daga rukuni. Sai dai a duba lacp_rate. Idan slow ne, saƙo ɗaya duk sakan 30, kuma sai an rasa uku a jere kafin a yanke hukunci, sakan 90 kenan kana zuba wani kaso na kayanka cikin rami. Idan fast ne, duk sakan 1, hukunci a sakan 3. Slow ɗin shi ne yake zuwa da shi.

Akwai kuma matsalar dawowa, wadda ba a cika magana a kanta ba. Waya ta dawo, fitila ta kama, bond ya yi murna ya koma kan primary, wato kafar da ka fifita, nan take, amma kafar suwic ɗin tana cikin jiran spanning tree, tsarin da ke hana kaya yin ta kewaya tsakanin suwic, wanda a tsohon salonsa yakan ɗauki kimanin sakan 30 yana saurare kafin ya fara wuce da kaya. Sakamakon shi ne faɗuwar wayar ba ta jawo komai ba, dawowarta ce ta katse sabar. Ko dai a sa kafar ta zama ta gefe a suwic, abin da Cisco ke kira portfast, ko ka sa updelay mai tsawo yadda bond zai yi haƙuri kafin ya yarda da kafar da ta dawo, ko ka sa primary_reselect=failure yadda ba zai koma ba sai wadda yake kai ta faɗi ita ma. Ni na fi son na ƙarshen idan kafofin gudunsu ɗaya, don me za a yi sauyi biyu inda ɗaya ya isa? In kuwa ɗaya gigabit 10 ce ɗaya gigabit 1, to dole kana son ya koma kan babbar. A LACP kuma kada ma ka gwada haɗa masu gudu daban, ba za su shiga rukuni ɗaya ba.

Bayan ka gama saiti, wurin da za ka leƙa shi ne cat /proc/net/bonding/bond0, duk gaskiyar tana nan. Za ka ga salon da yake kai, kafar da ke aiki yanzu, MII Status na kowace, gudunta, da Link Failure Count, wanda idan ka ga yana ta hawa ba wanda ya taɓa komai to waya ce ko kan waya ke da matsala. In LACP ne ka duba abu biyu da idon basira. Na farko Aggregator ID, dole ya zama lamba ɗaya a duka kafofin, in ka ga wannan 1 waccan 2 to ba su haɗu ba, kowacce tana rukuninta kuma ɗaya ce kawai ke aiki. Na biyu Partner Mac Address, in ka ga 00:00:00:00:00:00 to suwic bai ce maka uffan ba, ko ba a saita shi ba, ko an sa shi a mode on wanda haɗi ne na dole ba gaisuwa, maimakon mode active. Mugun abin shi ne a wannan halin ping yakan yi aiki sarai, sai mutum ya rufe laftof ya tafi gida yana ganin ya gama.

Kafin ka taɓa komai dai, ka tabbata kana da wata hanyar shiga sabar wadda ba ta bi ta kafofin nan ba, iDRAC in Dell ce, iLO in HP ce, IPMI, ko kibod da allo a gabanta. Kana canza netwok ɗin da SSH ɗinka ke kai ne, harafi ɗaya ya karkace ka rufe kanka a waje. netplan try yana mayar da tsohon saiti bayan sakan 120 idan ba ka tabbatar ba, abu mai kyau, amma idan akwai bond ko gada mai saituna na musamman yakan ce maka shi fa ba zai iya mayarwa ba ka yi apply da kanka, wato daidai inda ka fi buƙatarsa. Kuma in LACP ne ka yi magana da mai kula da suwic ku tsara wa zai fara, don tsakanin lokacin da ya canza nasa da lokacin da ka canza naka sabar na iya ɓacewa. In kuma sabar tana yin but ta netwok wato PXE, ka roƙe shi ya kunna fallback a kafofin, wato suwic ya bar kafa ta yi aiki ko ba gaisuwar LACP, saboda a wannan matakin ba kanel ba bond, katin bai san wata gaisuwa ba, suwic kuma zai ƙi buɗe masa ƙofa.

Sai gwaji. ip link set eno1 down ba gwaji ba ne na gaske, kai ne ka gaya wa kanel da bakinka, dole ya sani. Ka bar ping yana gudu daga wata kwamfuta, da ɗan sauri kamar -i 0.2, ka je bayan rak ɗin ka danna ɗan harshen robar nan ka zare wayar da hannunka, ka dawo ka ƙirga nawa suka ɓace, da miimon=100 bai kamata su wuce ɗaya ko biyu ba. Ka mayar, ka jira minti ɗaya kana kallon ping ɗin don kama matsalar dawowa, sannan ka zare ɗayar. In suwic biyu ne kuma an ba ka dama, a kashe ɗaya gaba ɗaya a gani. Na gudu kuma iperf3 da -P 4 ko 8 yadda zai buɗe haɗi da yawa, kana kallon ip -s link a wata taga ka ga ko lambobin duka kafofin suna motsi, sannan ka sake da -R don gwada ɓangaren shigowa, wanda lissafin suwic ne. Daga nan ka yi ributin ɗin sabar, ka sake buɗe /proc/net/bonding/bond0, ka tabbata kafofi biyu ne har yanzu a ciki ba ɗaya ba.